Ga masu son leƙa Fontainebleau daga Faris

Jama'a, ga 'yan'uwa da ke Faris masu son yini guda a wajen gari, ku gwada Fontainebleau, gari mai tsohuwar fadar sarakunan Faransa da babban daji. Daga tashar Gare de Lyon za ku hau jirgin ƙasa na layin R, minti 40 kun isa tashar Fontainebleau-Avon, sai bas ta ajiye ku kusa da fadar.

Kada ku je ranar Talata, fadar a rufe take.

Ku fara da cikin fadar da safe, tun ƙafa ba ta yi nauyi ba, don ɗakunanta sun haura 1,500, ko da yake ba duka ake buɗewa ba. A farfajiyar gaba akwai matattakala mai siffar kofaton doki. A nan Napoleon, sarkin Faransa, ya yi bankwana da dogarawansa a 1814. Lambunan kyauta ake shiga.

Da rana sai daji. Yashi ne da manyan duwatsu, takalmin ofis ba zai yi ba. Ku tafi da ruwa, da guzurinku daga gida tunda abincin halal ba ko'ina ba, da ƙaramar sallaya don azahar za ta iya riskar ku can. Lokacin sanyi rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5, ku fito kafin nan.