Yadda ake gudanar da makon walwalar ɗalibai a makarantar firamare

Makon walwala kwana biyar ne da makaranta ke warewa don lafiyar jikin yara da kwanciyar hankalinsu: barci, motsa jiki, tsafta, zaman tare da abokai, da iya buɗe baki a faɗi abin da ke damun mutum. Masu shirya shi karon farko sukan ɗauke shi tamkar biki. A cika kowace rana da baƙi da gasa da waƙe-waƙe, kafin Laraba yara sun gaji, malamai sun fi su gajiya, Litinin ta zagayo babu abin da ya saura sai takardun da aka manna a bango. Ga tsarin da ke kauce wa hakan.

Da farko ku tsayar da lokaci. Kada ya zama makon farko na zangon karatu, don malamai ba su gama sanin yaransu ba, kada kuma ya matso kusa da jarrabawa. Tsakiyar zango ya fi. Wasu makarantu kan ɗora shi a watan Oktoba saboda ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, 10 ga wata, da ranar wanke hannu, 15 ga wata, kuma hakan yana sauƙaƙa samun kayan koyarwa. A fara shiri mako huɗu kafin ranar. Mutum uku sun isa kwamiti: malamin ƙananan azuzuwa ɗaya, na manya ɗaya, sai wanda makaranta ta ɗora wa kula da koke-koken yara. Idan makarantarku ba ta da wannan na ukun, a naɗa shi kafin a yi komai, zan faɗi dalili a gaba.

Na biyu, kada a soke darussa. Yaro yana samun natsuwa ne idan ya san abin da zai biyo bayan abin da ake yi yanzu, kuma yaran da aka fi yin makon dominsu, masu yawan fargaba da masu lalurar da ke sa sauyi ya rikita su, su ne hargitsa jadawali ya fi cutarwa. Gurbi uku kawai za a buɗe a kowace rana: minti 10 da safe bayan kiran suna, minti 15 na motsa jiki kafin tara ko bayanta, da minti 25 a darasin ƙarshe. Lissafi da karatu su ci gaba a lokutansu. Kowace safiya malamin aji ya rubuta tsarin ranar a gefen allo, 'yan aji ɗaya da biyu kuma a zana musu.

Kafin makon ya zo, ku tambayi yaran kansu. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba yaro damar a ji ra'ayinsa kan abin da ya shafe shi. Amma tambayar “me kuke so mu yi?” ba ta kawo komai sai “wasa”. A maimakonta, a zana taswirar makarantar a takarda, a ba kowane yaro kwafi, ya sa alamar daidai a wurin da yake jin daɗin zama, ya sa alamar kuros a wurin da yake jin tsoro. Ba sai ya rubuta suna ba. Idan aka tara takardun, kuros yakan taru a wurare kaɗan: banɗaki, bayan azuzuwa, bakin ƙofa lokacin tashi. Nan ne za a tsayar da malami ɗaya-ɗaya duk tsawon makon. A adana taswirorin, za a sake buƙatarsu.

Yanzu ga matakin da ya fi kowanne lalacewa, wato akwatin damuwa, inda yara ke jefa takardar abin da ke damunsu, da zaman da'ira, inda aji ke zama a kewaye ana tattaunawa. Makarantu kan saka su a shirinsu domin ba sa cin kuɗi, kwali ne da takarda. Matsalar ita ce idan kun ce wa yara su faɗi damuwarsu, wasu za su faɗa da gaske, kuma abin da zai fito ba ɓatan fensir ba ne kawai. Idan babu wanda ya shirya karɓar maganar, yaron da ya yi ƙarfin hali ya rubuta ya ga shiru, zai koyi cewa faɗa ba shi da amfani. Gara a ce ba a ajiye akwatin ba da a ajiye shi a manta.

Akwatin ya zama mai rufuwa, da 'yar tsaga a sama wadda hannu ba ya shiga, ɗaya a kowane aji. Kada a bar shi a kan teburin malami yaro ya taso shi kaɗai ya jefa takarda idon kowa na kansa. A raba wa kowa ƙaramar takarda iri ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya rubuta wani abu ko ya yi zane, ko da abin farin ciki ne, kowa ya ninke ya jefa. Ta haka mai damuwa ya ɓace a cikin jama'a. Suna ba dole ba ne, amma a gaya musu ƙarara cewa wanda yake son a neme shi a keɓe ya rubuta sunansa. Ƙananan da ba su iya rubutu ba a ba su kati mai fuskoki huɗu, murmushi, ɓacin rai, tsoro da fushi, su zagaye ɗaya.

A buɗe akwatin kowace rana, manya biyu tare, kuma kafin ƙararrawar tashi da aƙalla awa ɗaya. Wannan ba abin sassauci ba ne. Idan aka buɗe bayan yara sun watse, sannan aka tarar da takardar da ke cewa yaro yana tsoron komawa inda zai kwana yau, lokacin taimakonsa ya riga ya wuce. Saboda wannan dalilin ne ba a yin zagayen ƙarshe na jefa takardu da yammacin ranar rufe mako. A kasa takardun kashi uku. Akwai ƙananan abubuwa na yau da kullum, kamar saɓani da aboki, waɗanda malamin aji zai warware washegari ba tare da ambaton suna ba. Akwai masu maimaituwa, kamar cin zali ko zuwa makaranta da yunwa, waɗanda za a kai wa kwamiti a cikin makon. Sai masu haɗari: duka mai barin rauni, taɓa jikin yaro ta hanyar da ba ta dace ba, ko maganar cutar da kai. Waɗannan a ranar ake miƙa su ga mai kula da koke-koke da shugaban makaranta, su kuma su bi ƙa'idar hukumar da ke kula da kare yara a yankin.

Zaman da'ira shi ma yana da nasa tarkon. Kada ya wuce minti 15 ga ƙanana, 20 ga manya. A sami wani abu, ko da ƙaramar ƙwallo ce, wanda ke riƙe da ita shi ke magana, kuma kowa yana da damar miƙa ta gaba bai ce uffan ba. Tambayoyin su tsaya kan makaranta: me ke sa tara ta yi daɗi, me za ka yi idan ka ga wani yana zaune shi kaɗai. Kada a tambayi yara halin gidajensu a gaban aji. Duk da haka wani zai fara, kuma malamin da bai shirya ba yakan yi ɗaya cikin biyu, ko ya yi saurin kashe maganar, ko ya bari yaron ya zayyana komai 'yan aji suna ji, gobe ya zama abin tsokana. Abin faɗa shi ne: “Wannan magana ce babba, ina so in saurare ka sosai. Bari mu gama, sai mu zauna ni da kai.” Sannan a cika alkawarin a ranar, a wurin da ake iya hango ku amma ba a jin abin da kuke faɗa.

A wannan zaman, kada ku yi wa yaro alkawarin rufa masa asiri, don ba za ku iya cikawa ba, kuma karya shi zai fi ciwo. Ku ce masa za ku gaya wa wanda aikinsa taimako ne kaɗai. Kada ku sa masa magana a baki. “Me ya faru?” da “Sai kuma me?” sun isa. Tambaya irin “Wane ne, wane ko?” tana gurɓata bayanin, har ta iya raunana shi idan maganar ta kai ga hukuma. Kada ku ce ya cire riga ku duba. Da zarar an rabu, a rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa shi, ba gyararrun kalmomin malami ba, a sa kwanan wata da lokaci da sa hannu. Malamin aji ba ya tunkarar wanda ake zargi, ba ya kuma kiran gida kafin mai kula da koke-koke ya yanke shawara, domin wani lokaci matsalar a gidan take. Duk wannan a karanta shi ga dukan ma'aikata, har da mai gadi da masu shara, a zama na minti 30 kafin makon, don yaro ba ya zaɓen wanda zai yi wa magana bisa muƙami.

Motsa jiki ya fi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar kimanin minti 60 a rana, don haka minti 15 ɗinku gudummawa ce, ba duka ba. Tsarin da wata makarantar firamare a garin Stirling na Scotland ta fara a 2012, har ya bazu ƙasashe da dama, shi ne mafi arha: aji ya fita ya zagaya fili, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya, babu sauya kaya, babu na ɗaya. Kada a bar kyaftin biyu su zaɓi 'yan ƙungiyarsu, yaro ɗaya ne kullum ake bari a ƙarshe kuma ya sani. A ƙirga su ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Mai asma ya fita da maganin shaƙarsa a hannun malami, ruwan sha kuma ya kasance a bakin fili.

Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20 ne, har da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. A shafa wa yara uku ɗan mai da garin alli a tafi, ɗaya ya goge da tsumma, ɗaya ya ɗauraye da ruwa zalla, ɗaya ya sa sabulu, aji su duba bambancin. Ku yi lissafin layi tun da wuri: yara 40 a famfo ɗaya, rabin minti kowanne, minti 20 ke nan, tara ta ƙare. A tanadi wurin wanki huɗu, kuma zubo ruwan ake yi, ba a tsoma hannuwa a roba ɗaya. Goge haƙori sau biyu a rana, minti biyu, a nuna a kan zane. Ba a duba bakin yaro ko farcensa a gaban aji.

Batun barci a darasin lissafi ya fi shiga. 'Yan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Mai tashi ƙarfe 6 na safe da ke neman awa 10 ya ƙirga baya da kansa ya gano ƙarfe 8 na dare. Kada a mai da shi gasa, yaro ba shi ke tsara daren gidansu ba. Minti 10 na safe kuwa, numfashi ya wadatar: a ja a ƙirga huɗu, a saki a ƙirga shida, sau biyar. Wanda ba ya son rufe ido ya kalli teburinsa.

Baƙo ɗaya ya isa duk makon, ma'aikacin lafiya ya fi, minti 20, a ga abin da zai faɗa tukuna, kuma malami ba ya fita ya bar shi da yara. Iyaye a aika musu takarda mai shafi ɗaya mako guda kafin a fara, da neman izini idan za a ɗauki hoto. Malamai a ɗauke musu duk wani taro na bayan tashi a makon.

Ranar ƙarshe kada a ba da kyautar “yaro mafi fara'a”, hakan koya wa mai damuwa ɓoyewa ne. Kwamiti ya zauna minti 20 ya zaɓi abu biyu kacal da za su ci gaba, zagayen fili da akwatin damuwa ne zaɓin da ya fi dacewa, a shigar da su jadawali da sunan malamin da ke da alhakin kowanne. Akwatin a koma buɗe shi sau biyu a mako, a sanar da yara ranakun. Bayan mako shida a sake raba taswirar makaranta, a ajiye sabbin kusa da tsofaffin, a duba ko kuros ya ragu a banɗaki da bakin ƙofa. Inda bai ragu ba, a mayar da malami wurin.