Ko ba ka sha, ka san wiski kafin ka kama aiki a Sikotland

Duk Satumba ɗalibanmu suna sauka Glasgow da Aberdeen, kafin sati biyu sun gane bas, sun gano mai naman halal, sun san hanyar masallaci. Nan kam ba a barin Bahaushe a baya. Amma ka ambaci wiski, sai yaro ya ce "Yaya, ni fa ba na sha," ya toshe kunne. Wa ya ce ka sha? Ƙasar da ka zo, da wiski take tinƙaho, kuma za ta iske ka ko a faranti ko a wurin aiki.

Sha'ir ake jiƙawa ya tsiro, a busar, a niƙa, a bar ruwansa ya yi tsami, a tace ta tururi, a ɗura a gangar katako. Doka ba ta yarda a kira ta Scotch ba sai ta shekara 3 a ganga a cikin ƙasar, kuma barasarta ba ta gaza kashi 40 cikin 100 ba. Single malt zallar sha'ir ce daga masana'anta guda, blended kuwa haɗi ne. Wanda ya yi maka tayin "wee dram", ita yake nufi, ka gode masa ka wuce.

A abinci take ɓoyo. Cranachan da za ka ɗauka kirim ne da 'ya'yan itace, akwai ta a ciki, haka wasu alewoyi da miyar da ake kawowa daren Burns, bikin tunawa da marubucin waƙoƙinsu Robert Burns, 25 ga Janairu. In mura ta kama ka, maƙwabciyar kirki ta ce za ta haɗa maka hot toddy, ba zallar zuma da lemon tsami ba ne.

Inda nake ganin kuka shi ne aiki. Yaro yana neman aikin awa 20 a mako da bizar ɗalibi ta yarje masa, ya samu kanti, a ɗora shi kan teburin karɓar kuɗi, bai taɓa tambayar me ke jere a bayansa ba. Dokar sayar da barasa ta 2005 ta wajabta horon awa 2 kafin ka sayar da barasa, kuma kana sa hannu a takardar. Kanti ba ya sayarwa kafin 10 na safe ko bayan 10 na dare. Duk wanda ka ga kamar bai kai 25 ba, ka nemi katin shaidarsa. 'Yan sanda kan turo ɗan shekara 16 ya gwada saye, kuma in ka miƙa masa, kai da ka karɓi kuɗin laifin ke hawa, tara tana kaiwa fam 5,000 ko ɗaurin wata 3. Wani ƙanenmu kunya ce ta hana shi tambayar wani dogo mai gemu, wai kada ya ci masa fuska. Aikin ya tafi, muka yi ta zarya neman lauya, shi kuwa ba ya barci don tunanin bizarsa. Kunyarmu ta gida abin yabo ce, amma ba a gaban wannan teburin ba.

Batun halaccin aikin, malamai na nan a babban masallacin Glasgow, ka je ka tambaya tun ba ka sa hannu ba. In ba ka son taɓa kwalba, faɗa wa manaja ranar ganawa. Wasu kan mayar da mutum sito ko ɓangaren burodi, wasu su ce babu, ka nemi wani wurin.