Kurakuran da aka fi yi wajen fesa wa dal kumfa a Yamai

Makon jiya ɗan ƙanwata da ya sayi gida a unguwar Lazare ya kira ni da murnarsa, wai ya samu mai fesa masa kumfa a kan dal, wato rufin kankare, ranar Asabar za a fara. Na ce, "Yaro, wane wata muke ciki?" Ya ce, "Yuli, Kawu." Na ce to ka sallami mutumin naka sai ruwa ya ɗauke. Shi ne na huɗu a bana da na yi wa wannan karatu ta waya. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san ta ba, kumfar poliyuretan ce, ma'aikata suna ce mata mus. Ruwa ne iri biyu a ganga biyu, inji ya ɗumama su ya turo ta tiyo, su haɗu daidai wa daida a bakin bindigar fesawa. Da sun sauka kan dal sai su kumbura ninki wajen 30 cikin daƙiƙu kaɗan, su daskare su zama shimfiɗa guda babu gaɓa. Tana tare ruwa, tana tare zafi. A garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, dal ya yini yana shan rana ya kwana yana amayar da ita a kan masu barci, ba sai an yi wa kowa tallarta ba. Aiki ne mai kyau. Ni sau biyu na yi shi a kan rufi ɗaya, kuma na biyun kuɗin wautata ne.

Babban kuskure, wanda ya ci mini kuɗin sabon babur har da canji, shi ne fesawa a kan dal mai laima. Daminar 2020 ce, kowa a Yamai ya san irin ruwan da aka sha a shekarar. Tsohuwar kwaltar da ke kan dal ɗinmu ta tsattsage, falo ya cika da bokitai, uwargida kuma kullum maganarta ɗaya: "Alhaji, wannan gida ne ko rariya?" Haƙurina ya ƙare a Agusta, tsakiyar ruwa. Ɗan kwangilar da aka haɗa ni da shi ya hau sama, ya shafa siminti da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, kwana uku ba a yi ruwa ba, ya bushe ƙayau." Ni ma na shafa, na ji shi da ɗumi, na ce bismilla.

Abin da ban sani ba, kankare yana shan ruwa ya ɓoye a ciki, fuskarsa kaɗai rana ke busarwa. Ɗaya daga cikin ruwan nan biyu, izosiyanat, da ya taɓa laima sai ya haifar da iska, kumfar ta kasa kama simintin. Ruwan da aka rufe a ƙasa kuwa ba shi da hanyar fita sai ranar bazara ta dafa shi ya zama tururi. A watan Afrilu na hau sama na tarar da rufin ya yi ƙulu-ƙulu kamar an kikkifa ƙoruka. Na taka ɗaya, ta fashe. Da damina ta dawo ruwa ya shiga ta nan, ya bi ƙarƙashin kumfar ya ɓullo a ɗakin yara, can nesa da inda ya shiga. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To a rufin kumfar da ta saki, mai ɗakin ma bai sani ba. Sai da aka kankare ta kaf, kuma kuɗin kankarewa daban. Ɗan kwangilar? Wayarsa ta daina shiga tun kafin ƙaramar salla.

Yanzu tafin hannun kowa ba ya yi mini shaida. Leda nake yankowa, rabin mita kowane gefe, in manne bakinta huɗu da sikoc a kan dal da yamma, in bar ta aƙalla awa 16. In na ɗaga na ga raɓa a jikinta, ko simintin ya yi duhu, babu aiki. Wuri biyar ko shida nake sa wa, musamman bakin indararo da duk inda ruwa ke kwanciya. Sabon dal ana ba shi kwana 28 kafin a ɗora masa komai. Ni sai na ƙara wata guda a kai, wasu masanan suna mini dariya, su yi ta yi. Tsohuwar kwalta da ta ɗaga a ɓamɓare ta, don ƙarƙashinta ruwa ke ɓuya. Lokacina kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ne, da safe, ranar da iska ta kwanta. Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce, kumfa ba ta kama ƙura, saboda haka a share a hure dal da injin iska a safiyar aikin, ba jiya ba.

Kuskure na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi don har yanzu ina ganinsa daga saman gidana: raina fentin kariya. Jama'a, rana tana cin kumfa! In aka bar ta tsirara, cikin kwanaki kaɗan ta yi ruwan ɗorawa, sannan ta yi ja, sannan ta fara zama gari, ka shafa ta biyo yatsa. Ranar da aka fesa ya kamata a rufe ta, in an yi jinkiri ƙwarai kada ya wuce kwana uku. Amma me ake yi? Mai gida ya hau ya ga kumfa ta kwanta lumui, daɗi ya kama shi, ya zaro sauran kuɗi ya miƙa. Daga nan sai labari: fenti yana hanya daga Lome, mota ta lalace, yaron da ke shafawa ya tafi suna. Wani maƙwabcina wata biyu ya yi yana jiran motar nan. Nawa ɗan kwangilar bai ma wahalar da kansa da ƙarya ba, fentin bango ya sayo ya tsinka da ruwa ya shafa sau ɗaya. Fari tas, kyau kamar gaske. Fentin bango ba ya miƙewa, kumfa kuwa kullum tana motsi tsakanin zafin rana da sanyin dare, sai ya daddare kamar bakin tabki a bazara.

Fentin kirki mai danƙo ne, akirilik ko silikon. Akirilik ya fi sauƙin kuɗi amma ba ya jure ruwa kwance. Silikon yana jurewa, sai dai yana riƙe ƙura, kuma in ka fara da shi babu abin da zai kama a kansa gaba sai shi. Ga lissafin da ba wanda ya yi mini. Lita ɗaya a murabba'in mita ɗaya kaurin milimita ɗaya take bayarwa tana ɗanya, akirilik kuma in ya bushe kusan rabi ke saura. Ana son aƙalla rabin milimita busasshe, wato lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowane murabba'in mita. Dal mai murabba'in mita 100 zai sha bokiti 5 zuwa 8 masu lita 20. Wanda ya zo maka da bokiti biyu ya ce sun isa, ka san da wa kake magana. Ni a gabana ake buɗe su, fankon ma ba ya fita gidana sai na ƙirga. Shafi biyu nake sawa a yi, na farko ruwan toka, na biyu fari, don duk inda aka tsallake ya nuna kansa. Kuma duk wannan a rubuce cikin debi, wato takardar lissafin aikin: sunan kumfa, sunan fenti, lita nawa, kauri nawa. Kafin alƙalami iya kuɗin kaya. Kashi ɗaya cikin uku yana aljihuna sai fenti ya bushe, ɗaya cikin goma kuma sai mun ga bayan Agusta tare. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. Kumfar rufi nauyinta kilo 40 zuwa sama ne a kubik mita. Akwai mai laushi ta cikin bango da ke shan ruwa kamar soso, don haka a fesa maka ɗan guntu ka taka da dunduniya ka jefa a bokitin ruwa. Kauri kada ya gaza santimita 2 da rabi, ni 4 nake so; ƙusa nake yi wa alama in soka nan da can, a toshe ramukan kafin fenti. Kumfa bin dal take yi yadda ta same shi, in akwai kwari sai a gyara gangara tukuna, santimita 2 a kowace mita, ruwa kada ya wuce kwana biyu a kwance. A duba kwanan watan da ke jikin gangunan, kayan nan ba sa son daɗewa kuma ba sa son rana. A gaya wa maƙwabta su janye motoci, feshin da iska ta ɗauka in ya manne a gilashi sai an kankare. Iyali su bar gidan ranar, a kashe kilim, na'urar sanyaya ɗaki, masu aikin su rufe hanci da abin kirki.

Akwai kuma wanda ake yi bayan an gama. Mai tankin ruwa, mai farantin sola, mai parabol, duk su gama hawansu da hujinsu kafin a fesa. Mai walda kada ya kusance ta, tana kama wuta. In kun saba kwana a sama lokacin zafi, tabarma da katifa ba laifi, gadon ƙarfe ne ban yarda ba. Ramin da ya samu a cike shi da mastik, wato danƙon toshe tsaga, irin fentin, ba kwalta ba. Fentin kansa yana son sabuntawa, akirilik a ranar Yamai ni ba na barinsa ya wuce shekara biyar zuwa bakwai. Wanda kuma ya bar ƙarafa a tsaye yana niyyar ɗora bene baɗi, ya riƙe kuɗinsa, kankare ta zai yi.

Ɗan ƙanwar tawa ya ce to yoyon fa, Kawu, har Nuwamba? Na ce ya hau ya yashe indararo, ya bi tsagogin da mastik, ya sayi bokiti biyu na tarar yoyo a kasuwar Katako. Ledar gwajin ni zan kawo masa da kaina.