Kurakuran da 'yan kasuwa ke yi wajen gwada manhajar lissafin shago

Kamfanonin da ke sayar da manhajar lissafi da ƙidayar kaya sukan ba da kwanakin gwaji kyauta. QuickBooks kwana 30 yake bayarwa, Zoho Books kwana 14. Abin da aka saba yi da kwanakin nan shi ne a sauke manhajar, a latsa nan a latsa can a ranar farko, daga nan hidimar kasuwa ta ɗauke hankali. Sai saƙo ya shigo cewa wa'adi ya cika, a biya kawai don an ga ta yi kyau a ido. Kada ka yi rajista sai ka shirya, domin lokacin yana fara tafiya ne tun daga ranar da ka yi ta. Ka fara rubuta abin da ke damunka a shago: kaya ne ke ɓacewa, ko bashi ne ke shige maka duhu?

Babban kuskuren shi ne gwaji da kayan misali na mai talla. Shi zai nuna maka abu ɗaya, farashi ɗaya, mai saye ya biya nan take, rasit ya fito. Wace kasuwa ce haka? A Kantin Kwari bandir ɗin shadda ake sarowa, a yanka yadi-yadi. A Singa katan ake buɗewa, a sayar da dozin, wani lokaci ma ɗaiɗai. A Dawanau buhu ke shigowa, kwano ke fita. Idan manhaja ba ta iya rage yadi biyar daga bandir ta faɗa maka abin da ya saura ba, ƙidayarta ba ta da amfani gare ka. Haka batun farashi: na sari daban, na ɗaiɗai daban, ga kuma wanda ya taya aka sallama masa. Sai ka ɗauko littafinka na makon jiya, ka zaɓi cinikin da ya fi rikitarwa ka shigar. Misali baƙon da ya zo daga Maraɗi, ya ba da rabi da sefa, ya tura wani abu ta banki, ragowar sai ya dawo, bayan kwana uku kuma ya aiko da turmi biyu a canza masa. Ka ƙara da la'adar dillalin da ya kawo shi.

Kada a ɗauka ƙananan shaguna kaɗai ke faɗawa wannan rami. Kamfanin Lidl na Jamus, mai manyan kantunan sayar da kayan masarufi, ya kwashe kimanin shekara 7 yana ƙoƙarin komawa manhajar lissafi da ƙidayar kaya ta kamfanin SAP, ya kashe wajen yuro miliyan 500, a 2018 ya haƙura ya koma tsohon tsarinsa. Cikin abin da ya kawo cikas har da wannan: Lidl da farashin sari yake ƙiyasta kayansa, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa.

Sai kuma wanda ake ba gwajin. Yawanci ɗan maigida ne da ya iya kwamfuta, alhali yaron shago ne zai riƙa shigar da ciniki da mutum biyar tsaye a kansa. Shi za a ba, a tsaya a ga minti nawa yake ɗauka. Idan ya yi ƙorafi a saurare shi, amma da lura, don wani ƙorafin na wahalar aiki ne, wani kuwa na ganin za a toshe wata kafa ce.

Lokacin ma abin dubawa ne. Kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya kunna sabon tsarinsa a 1999 dab da lokacin da ciniki ya fi yawa, ya kasa kai kayan kusan dala miliyan 100 da aka yi oda. Mai atamfa da ya ce zai sauya tsari a goman ƙarshe na azumi, shi ya jawo wa kansa. A bari sai kasuwa ta lafa, a ƙidaya kaya tsaf kafin a fara, kuma kada a ajiye littafi. A riƙa rubutawa a duka biyun na tsawon wata guda, kullum da yamma a gwama. In an ga bambanci, a bi sawu a gano ko daga wa ya fito.

Ka kashe data da gangan da tsakar rana ka ga ko manhajar za ta ci gaba da karɓar ciniki. Ka cire wuta ana tsakiyar rubuta rasit.

Kuɗin wata kuwa, ka tambaya da wane kuɗi ake biya. Wanda ya ɗauki manhajar da ake biya da dala a farkon 2023, lokacin da dalar take kusan naira 460 a farashin hukuma, ya ga ta haura 1,500 a 2024. Ka tambayi nawa ake ƙarawa a kan kowane ma'aikaci da kowane reshe. Kafin wa'adin ya ƙare, ka fitar da jerin kayanka da sunayen waɗanda kake bi bashi zuwa Excel, ka buɗe ka tabbatar komai ya fito. Idan mai manhajar ya ce sai ta hannunsa ake fitarwa, ka nemi ya rubuta maka nawa zai caje ka ranar da za ka bar su.