Yadda manomi zai bi har tallafin gwamnati ya shigo hannunsa

Mataki na farko, ka tambaya ka ji wane irin tallafi ne, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Wani kuɗi ne tsaba: a Indiya, shirin PM-KISAN da aka fara a 2019 yana tura wa manomi rupee 6,000 a shekara, kashi uku, kai tsaye cikin asusunsa. Wani rangwame ne a kan kayan noma, kamar shirin GES na Najeriya a 2012, inda saƙo ke shigowa wayar manomi ya je ya karɓi buhun taki biyu a rabin farashi. Wani kuma sunansa tallafi amma bashi ne. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2015 rance ne, ana biya da amfanin gona ko da kuɗi, amma manoma da dama sun ɗauke shi rabon ganima. Kafin ka dangwala yatsa, ka ce a karanta maka takardar.

Na biyu, rajista. Ana yin ta tun da rani, kafin ruwa ya sauka. Ka nemi malamin gona na yankinku ko ƙungiyar manoma mai rajista, ka tabbatar da idonka an rubuta sunanka, kada ka dogara da "an saka ka".

Nan ne fa akasarin mutane ke faɗuwa, don haka ka nutsu. Sunan da ke katin shaidarka, da na asusun banki, da wanda aka yi wa layin wayarka rajista da shi, dole su zo daidai harafi da harafi. Kwamfuta ba ta san kara ba. Idan kati ya ce Muhammad, banki ya ce Mohammed, tana iya ɗaukarsu mutum biyu ta tsallake ka. Ka gyara wannan tun kafin ka cike fom. Asusun ya zama naka na kanka, kuma mai motsi, don banki kan rufe wanda aka daɗe ba a taɓa ba. Layin wayar ma kada ka bari ya mutu, kada kuma ka ba da lambar ɗanka da ke birni, saƙon zai je ya kwana can.

Sai gona. Wasu shirye-shiryen, irin na Tarayyar Turai, da faɗin gona suke biya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wajen eka biyu da rabi. Ka faɗi gaskiyar abin da kake nomawa, domin ana zuwa awo da na'ura, ƙarin da ka yi zai iya jawo a soke ka gaba ɗaya. In aro ko haya kake, ka samu takarda daga mai gonar.

Duk wanda ya ce ka kawo na goro ya saka sunanka, ko ya nemi lambar sirrin katin bankinka, rabu da shi.

In an fara biya ba ka ji ƙararrawar shigar kuɗi a wayarka ba, ka fara da banki a duba asusun. In lafiya yake, ka kai koke a rubuce ofishin da ya yi maka rajista, da lambar rajistarka a jiki, a buga maka hatimi a kwafinka. Ku haɗu da sauran waɗanda abin ya shafa ku shigar ta hannun ƙungiya, an fi saurin duba shi.