Darasi na 7: Maganin ciwon jiki da ke cin hanji

Yau kan magungunan nan za mu tsaya da ake sha in gwiwa ko baya ko haƙori ya matsa, irinsu ibuprofen, diclofenac, piroxicam da aspirin. Suna kashe raɗaɗi da kumburi kam, wannan ba musu, sai dai suna da wani hali da yawancinmu bamu sani ba.

A cikin mutum akwai wata yauƙi-yauƙi da ta lulluɓe bangon tumbi da hanji don kar asid ɗin narka abinci ya ci su, wani sinadari ne furostagilandin yake sa jiki ya samar da ita, to shi wannan sinadarin maganin yake dannewa, shi yasa ciwon ke lafawa, shi yasa kuma bangon ke zama ba kariya. Ta jini yake wannan aikin fa, don haka mai cewa gara a yi mai allura don kar olsa ta kama shi, kansa yake yaudara. Cin abinci kafin a sha yana rage zafin ciki, amma bai wadatar ba.

In paracetamol zai iya da ciwon, fara da shi. In dole sai ibuprofen, babba kar ya wuce miligiram 1200 a rana sai da izinin likita, kuma na 'yan kwanaki ne, ba a maida shi abin kullum. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Kar a haɗa biyu daga irinsu ibuprofen ɗin nan a sha tare, nan ne mutane suka fi faɗawa, sunan kwali daban amma abin ciki ɗaya ne.

Wanda ya haura shekara 65, ko ya taɓa olsa, ko yana kan warfarin (maganin hana jini daskarewa) ko prednisolone (maganin kumburi da asma), ya faɗa wa likita tun farko, akan haɗa mai da omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki. Shi ma tumbi yake karewa, ƙaramin hanji na iya ta zubar da jini a ɓoye har mutum ya ɗashe yana haki.

Ka ga bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko jini a amai, ajiye maganin ka nufi asibiti a ranar.

Aikin gida: ɗauko katin maganin da kake sha, juya bayansa, kwafi ƙaramin sunan da ke ƙasan babban a littafinka, gobe mu karanta tare.