Yadda za ka bambance furannin yaryaɗi masu kama da juna

Furen nan mai kama da bakin algaita, wanda yake buɗewa da sassafe rana na ɗagawa ya yanƙwane, dangin Ipomoea ne, gidansu ɗaya da dankali da duman kada. Matsalar ita ce yawancin mutane kala suke dubawa, kuma wallahi kala yaudara ce, furen da ka gani shuɗi da safe kafin azahar ya koma ruwan hoda, sai ka ɗauka wani iri ne daban alhali shi ne dai.

Abin yi shi ne ka juya furen ka duba gindinsa. Akwai wasu ƴan korayen ganye guda 5 da suka riƙe shi kamar kofi, to nan asirin yake. In gajeru ne masu ɗan faɗi, wajen santimita 1 da ɗan ɗoriya, ga gashi a gindinsu, irin Ipomoea ɗin da ake kira purpurea ce. In dogaye ne sirara sun miƙe tsaye har santimita 2 ko fiye, nil kenan. Ita kuma hederacea nata ma dogaye ne amma bakinsu ya lanƙwashe waje kamar ƙugiya, nil da hederacea su suka fi rikita mutane don duk ganyensu yakan rabu gida 3.

Ganye ma yana taimakawa amma kar ka sakankance da shi, purpurea yawanci ganyenta siffar zuciya ne ba tsaga, sai dai wani sa'in ka tarar da mai tsaga a cikinta. In ta yi ƴaƴa ma aiki ya zo da sauƙi, sandar ƴaƴan nata sunkuyawa ƙasa take yi.

Sannan ka shafa karan da yatsa. Tricolor sumul take ba gashi ko kaɗan, furenta shuɗi kalar sararin sama, cikinsa fari da ɗan rawaya. Indica kuma furanninta a cunkushe suke fitowa wuri ɗaya, kuma ba ta mutuwa bayan shekara guda kamar purpurea, in ta samu katanga sai ta cinye ta.

Farin nan babba mai ƙamshi da yake buɗewa da magariba, alba ce, wannan ba sai ka wahalar da kanka ba. Amma in ka ga ƙaramin fure fari ko ruwan hoda da ganye kamar kan kibiya, wannan ba Ipomoea ba ce, Convolvulus arvensis ce, ciyawa ce mai naci, saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, in ka tuge ka bar guntu sai ta sake tohowa.